Na Sulle Ne

Sabon Marke, Ƙaraye
Ranar Talata

Zuwa ga Yaya Jamilatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Malam da yara da 'yan makarantarki. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ƙaninki ya bugo daga Fatakwal, yana lafiya, ya ce sai damina ta sauka zai zo. Inna tana cin abinci, ƙafar ma ta yi sauƙi. Ni ce dai jikina ba daɗi kwana biyu, amma irin wanda ba a sha masa magani ne.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata sai an buɗe murya ake jin magana, Inna kuma kullum tana kusa da ni, ke ma can Fulatan sai kin fita bayan makaranta ake samunki. Shi ya sa na ba Mu'az direba ya kawo miki.

Yaya, bana mun ga rani. Rijiyarmu ta ƙafe, tuƙa-tuƙar bakin masallaci ta lalace, dam kuma ya ja baya sosai, har masunta suna cewa tsohon garinku da ruwa ya cinye ya fara fitowa. Abin da ya rage kusa da mu laka ce. 'Yan garuwa muke jira, su ma ba kullum suke zuwa ba.

Tun da abin ya yi tsanani Inna ta karɓe randa daga hannuna, kuma wallahi na koyi abubuwa. Ruwan da na wanke shinkafa ba ya zuba ƙasa, da shi ake jiƙa tukunyar tuwo. Kafin a wanke kwano sai an goge shi da dusa, a ba kaji dusar. Ruwan ɗauraya na yau shi ne na wanke-wanken gobe. Ƙasari na awaki ne. Alwala a baho muke yi, a juye wa zogale. In na buɗe tukunya tana tafasa sai ta ce in rufe, ina ba iska ruwanmu. Da farko na ji daɗi, don jarka tana kai mu inda da ba ta kaiwa.

Abin da ban gane ba shi ne, duk abin da muka rage ba ya zama a gidan. Akwai wani ƙaramin baƙin tulu da ta jawo daga ƙarƙashin gadonta. Kullum da safe, kafin kowa ya taɓa randa, sai ta cika shi da ruwa mai kyau, ta tace da farin ƙyalle, ta rufe da faifai. In rana ta take, kowa ya fake a inuwa, sai ta ɗora shi a ka ta fita ta ƙofar baya. Sai wajen la'asar take dawowa, tulu wayam, ƙafarta duk busasshiyar laka. Jiya na yi ƙarfin hali na tambaye ta wannan ruwan fa, ta ce na Sulle ne, ta ci gaba da tacewarta.

Ke kika san ta. Ki gaya mini yadda zan yi. Ba na so in yi magana ta zama rashin kunya ga suruka, ba na so kuma in ɗaga wa ƙaninki hankali a can.

Ƙanwarki,
Adawiyya


Fulatan, Rogo
Ranar Asabar

Amaryarmu Adawiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, kowa yana gaishe ki. Ki gaishe mini da Inna, ki ce 'yarta ta Rogo tana neman albarka. Maganar jikinki, kada ki yi wasa da zazzaɓin rani, ki aika kemis a karɓo miki magani.

Na yi dariya da na karanta zancen dusa da ƙasari. Barka da shigowa makarantar Inna. Mu da ta raina mun sha ranƙwashi a kan moɗa. Suhaibu mijinki, da yake auta, shi kaɗai ya taɓa zubar da ruwa a gabanta ya tsira. Ki yi haƙuri ki biye mata, halinta ne tun muna tsohon gari, ba tsufa ba ne.

Shi kuwa Sullen da take kai wa ruwan, ai Mai-albasa ne, kamar yadda take kiransa. Ɗan Kawu Hammawa ne, ƙanin Inna, wanda yake noman rani a bakin dam. Tun da uwarsa ta rasu Inna take jin tausayinsa. Na san ta ga yana wuni a rana yana shan ruwan laka ne ta kasa daurewa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ƙato kamarsa ya zauna tsohuwa tana ɗauko masa tulu. Ki je wurin matarsa Murja, ki ce in ji ni, in ruwan yake so ya zo gida ya ɗauka.

Mun shiga jarrabawa, ba zan samu zuwa yanzu ba. Ki kwantar da hankalinki, babu komai.

Yayarki,
Jamilatu


Sabon Marke
Ranar Litinin

Yaya Jamilatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya jarrabawa? Inna tana amsawa. Lafiyarta ƙalau, sai dai ta rame, don rabin abin da ya kamata ta sha yanzu a tulun yake ƙarewa.

Na je wurin Murja kamar yadda kika ce. Yaya, mijinta ba ya garin nan. Tun da ruwa ya ja baya albasarsa ta bushe ya tafi Kaduna neman aiki. Murja ta ce rabonta da Inna tun sunan gidan liman. Babu kowa a gonar.

Sannan akwai abin da kika rubuta da ya tsaya mini. Kin ce Mai-albasa take kiransa. Haka ne, ni ma na tuna, ko a gabansa haka take ce masa. To amma ni ba Mai-albasa ta ce mini ba. Sulle ta ce, da bakinta, ba ni na fassara ba. Shekaranjiya ma ta sake faɗa. Ina tuƙa tuwo a madafi, ita tana zaune bakin randa, gari ya yi tsit saboda rana, ko kaza ba ta motsi. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Kin ji shi?"

Na ce, "Wa, Inna?"

Ta ce, "Sulle. Muryarsa ta dishe."

Na saurara, wallahi ban ji komai ba sai tafasar tukunya. Ta tashi ta ɗauki tulun ta fita, ko takalmi ba ta sa ba.

Yanzu ko ni na ɗebi ruwan sha sai ta bi moɗar da ido har in ajiye. Ba ta hana ni, amma kunya takan sa in mayar da rabi. Don Allah ki ba ni amsa da wuri. Akwai wani Sullen ne da ban sani ba?

Adawiyya


Sabon Marke
Ranar Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Kullum ina aikawa tasha, ana cewa ba a ga Mu'az ba. Wannan zan ba wani mai kai masara Rogo, Allah ya sa ta iso. Muna nan da rai da lafiya, jiri ne dai yake damuna in na miƙe.

Na bi Inna. Na san bai kamata ba, amma na bi ta.

Ban taɓa sanin haka cikin dam yake ba. In kin wuce gonakin rani sai ki shiga wani fili fari fat, ƙasa ta tsattsage, tsagar ma hannu zai shiga. Babu ciyawa, babu tsuntsu, sai ɓawon katantanwa yana fashewa a ƙarƙashin ƙafa. Can tsakiya ga kututturen wani ƙaton marke ya yi fari kamar ƙashi. Kewaye da shi ga gindin katangu, ga dutsen niƙa a zaune inda aka bar shi, ga bakin rijiya cike da yashi.

Abin da ya fara ba ni tsoro tafiyarta ce. Fili ne a buɗe, za ta iya miƙewa kai tsaye, amma sai ta riƙa shan kwana inda babu komai, ta raɓa gefe kamar tana ba wani hanya. A wani wuri ta tsaya ta yi sallama, ta ɗan jira, sannan ta sunkuyar da kai ta wuce kamar mai shiga ƙofar zaure. Ƙafar da take ɗingisawa a gida, a can ba ta ɗingishi.

Ta fita bayan garin zuwa wani wuri da babu alamar gini. Ta sauke tulun, ta durƙusa, ta zaro ludayi daga zaninta. Na matsa na tsaya a bayanta. Ba juye ruwan take yi ba, Yaya. Ludayi ɗaya take zubawa a cikin wata tsaga, ta dakata, ta ƙara. Ina jin ta tana cewa, "A hankali, kada ka ƙware." Ruwan kuma in ya shiga sai ya yi wata ƙara, ƙwat, ƙwat. Na san busasshiyar ƙasa ce take haɗiye shi, na sani. Amma na sha ba ƙannena ruwa suna zazzaɓi, na san ƙarar maƙogwaro.

Ina tsaye, ban yi tari ba, ban motsa ba, ita kuma ba ta waiwayo ba, sai ta ce, "Adawiyya, matsa gefe, kin taka Ikilima."

Na duba ƙasa. Sai a lokacin na lura wurin duk 'yan tudu ne dogaye a jere, ruwa ya shafe su sun kusa bajewa. Maƙabarta ce. Ban san yadda na kawo kaina gida ba.

Da ta dawo ba ta yi mini maganar ba. Ta duba bahon wanke-wanke ta ce na sa ruwa da yawa. Na tambayi ƙaninki a waya ko ya san wani Sulle a gidanku da ya rasu, ya ce bai taɓa ji ba, ya ce in daina sauraron zancen tsufa. Yaya, ke kaɗai kika rage da zan tambaya.

Adawiyya


Fulatan, Rogo
Ranar Alhamis

Adawiyya ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Sai yau takardarki ta Litinin ta zo hannuna, motar Mu'az ce ta lalace a hanya, takardar ta yi ta kwana a aljihun mota. Na karanta ta a tsaye a bakin aji, sai da na nemi wuri na zauna. Na kira wayarki ba ta shiga.

Ban karanta ta farkon da kyau ba. Da na ga sunan a rubuce, na ɗauka ke kika sa shi, don tun da nake ban taɓa jin wannan sunan a bakin Inna ba. Ba za ta faɗe shi ba, sunan ɗanta na fari ne. Kin san al'adarsu ta mutanen da, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ko mai sunansa sai a laƙaba masa wani. Dalilin Mai-albasa ke nan. Ni ba ni ce babba ba, akwai yayana Sulle. Suhaibu bai san shi ba, an haife shi bayan mun taso, kuma ba a maganar a gidanmu.

Shekarar babban fari ce, ina ƙarama, shi bai fi shekara bakwai ba. Rijiyoyin Marke duk sun ƙafe, Baba ya tafi cin rani. Sulle ya kamu da gudawa da zazzaɓi, randa babu ko ɗigo. Inna ta bar mu da kaka ta tafi rafi inda mata suke tona yashi suna jiran ruwa ya tsatso. Wurin da nisa, mata kuma sun yi yawa. Abin da na iya tunawa kaɗan ne. Na tuna yana ta kiran ruwa har muryarsa ta daina fita. Na tuna ya rarrafa ya manna bakinsa a jikin randa don sanyinta.

Bayan azahar Inna ta shigo da tulu a ka, ta tarar da mutane a tsakar gida. Ta tsaya. Ba ta yi kuka ba, ɗan fari ne, ba a yi masa kuka a gaban surukai. Tana tsaye har sai da wata tsohuwa ta sauke mata tulun. Babu wani ruwa a unguwar, Adawiyya. Da ruwan da ta kawo masa ya sha aka yi masa wanka.

Da za a tashe mu saboda dam, mutane sun je sun yi sallama da nasu a maƙabarta. Ita ba ta je ba, kunya ta hana ta. Daga nan ruwa ya rufe wurin. Ina jin can take zuwa yanzu.

Kada ki hana ta da ƙarfi, kada ki ɓoye tulun, ban san abin da hakan zai yi mata ba. Amma kada a bar ta ta tafi ita kaɗai. Ki roƙi Murja ta riƙa raka ta. Ke kam kada ki shiga ranar nan, don na koma na sake karanta takardarki ta farko, na ga inda kika ce ciwon da ba a sha masa magani. Ina malamar makaranta amma sai yanzu na gane. Allah ya raba lafiya. In kin karɓo maganin da na ce, ki ajiye shi, ki je awo tukuna. Kuma ki sha ruwa ki ƙoshi ko Inna tana kallo, ku biyu ne kuke sha.

Da mun tattara takardun jarrabawa zan taho.

Yayarki,
Jamilatu


Sabon Marke
Ranar Laraba

Yaya Jamilatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam da yara. Kafin komai, ni da Inna muna lafiya. An kai ni asibiti a Ƙaraye, sun ƙara mini ruwa, sun ce abin da yake cikina lafiyarsa ƙalau. Maganin ban sha ba. Takardarki ta zo, amma bayan abin ya faru ta zo. A kan gadon asibiti na karanta ta, na yi kuka har ma'aikaciyar ta zo tana tambaya ko ciwo ne.

Ranar Litinin ta makon jiya 'yan garuwa ba su zo ba, ranar da ta gabata ma haka. Da safe na tarar Inna ta karkata randa ta ƙwalƙwale ɗan abin da ya rage a tulunta. Na dama koko da ragowar ruwan gasara muka sha, shi ke nan abin da ya shiga cikina. Da rana ta take sai ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga kudu. Maƙwabcinmu masunci ya taɓa cewa in aka yi ruwa can sama inda kogin ya taso, filin nan yakan cika kafin mutum ya ankara. Na leƙa ɗakin Inna, ba ta nan. Na leƙa gidan Murja, ta tafi unguwa. Sai na bi ta.

Na wuce marken, na hango ta tana shan kwanarta. Na buɗe baki in kira ta, harshena ya manne. Daidai bakin tsohuwar rijiyar nan na ga filin yana juyawa, daga nan ban san komai ba.

Da na farfaɗo kaina yana kan cinyarta. Ta cire mayafinta ta yi mini inuwa da shi. Bakin ludayi yana kan leɓena. Ba ta ƙarasa maƙabartar ba, Yaya, ta juyo. Tulun a cike yake. Tana ba ni kaɗan-kaɗan, tana shafa mini goshi, tana cewa, "Ga ni, na zo. Mata ne suka yi yawa a rafin. Sha, na zo."

Na sha. Ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba. Ta kalle ni, amma na san ba ni take gani ba. Ta ce, "Sulle."

A lokacin ban san labarin ba, ban karanta takardarki ba. Ban san abin da ya sa ba, na dai ji bakina ya ce, "Na'am, Inna."

Sai ta fashe da kuka. Irin kukan ban taɓa ji daga babban mutum ba, da ƙarfi, ba ta rufe fuska ba, ga mu mu biyu a tsakiyar filin nan. Kukan ne ma masunta suka jiyo suka zo suka ɗauke mu. Kafin mu kai gonakin rani an fara yayyafi. Jiya an ce ruwa ya kai gindin marken, yau ba a ganin katangun.

Tun ranar ba ta sake fita ba. Ta wanke tulun ta kife shi. Mun tari ruwan sama, randa ta cika, Inna ta mayar mini da ita, ko leƙawa ba ta yi. Tana cin abinci, tana barci, har hira take yi da Murja.

Sai dai ni ta daina kiran sunana. In tana son wani abu sai ta ce da Murja, "Gaya wa wancan." In na shigo ɗaki da mutane sai ta kau da kai kamar ba ta gan ni ba. Da farko na ɗauka fushi take yi. Amma duk sanda na idar da sallah sai in tarar da ƙwarya cike da ruwa a bakin ƙofata, an tace, an rufe da faifai, ita kuma tana can gefe tana satar kallona har in shanye.

Ƙaninki ya ce zai taho ya kai ta asibiti a duba kanta. Ban hana shi ba, wataƙila hakan ne daidai. Amma na roƙe shi abu ɗaya, ke ma shi zan roƙe ki. In kin zo kika ga yadda take yi da ni, kada ki gyara mata. Ni na amsa, kuma zan iya ɗauka.

Ƙanwarki,
Adawiyya